Ranar da kmalloc za ta ce maka babu: yadda ake duba gazawar neman memori a kanel ɗin Linux

Direban farko (shirin da ke haɗa kanel, wato zuciyar Linux, da wata na'ura) da na rubuta wanda ya bar teburina ya je hannun mutane, na wata 'yar na'ura ce mai lura da batiran sola. Allo ne ƙarami na ARM, memorinsa megabait 128, ana karanta masa ƙarfin wuta daga wani firikwensin ta layin SPI. Sati uku yana aiki a gabana ko tari bai yi ba. Da aka kai shi inda za a kafa, sai ya ɗauki wata ɗabi'a: bayan kwana huɗu ko biyar ya mutu ya tashi da kansa, karatun wannan lokacin kuma ya ɓace. Na zargi zafi, na zargi wutar da ke shiga, har waya na sa aka canza. Sai da na jona igiyar siriyal na bar kwamfuta tana naɗar duk abin da ya faɗa, sannan na kama shi a daren na uku:

```
Unable to handle kernel NULL pointer dereference at virtual address 00000008
```

A ƙasa kuma kanel ya ce ya firgita a tsakiyar katsewa, wato lokacin da wata na'ura ta tsayar da shi don ya amsa kiranta, ya tsaya cak, agogon tsaro ya tayar da allon. Lambar 8 ɗin nan ita ta tona asirin. Nisan wani fili ne daga farkon tsarin bayanai da nake nema wa wuri duk lokacin da firikwensin ya buga ƙararrawa. Na nemi memori, an ce babu, ban duba amsar ba, na rubuta a adireshi sifili da takwas. Layi biyu na bari, kuma su suka ci mini mako biyu da kunyar mai kaya. Abin da zan zayyana a nan shi ne abin da na koya tun daga wannan daren.

Me ya sa a kanel abin ya fi tsanani

Wanda ya saba rubuta manhajar da ke gudana a sama, da wuya ya taɓa ganin `malloc`, mai neman memori, ta dawo da `NULL`, wato adireshi sifili mai nufin babu. Linux yakan yi wa manhajoji alƙawarin memori fiye da abin da ke hannunsa, ba ya ba da shafi na gaske sai ranar da aka taɓa shi. In abin ya ƙure, mai kisan da ake kira OOM ya zaɓi wata manhaja ya kashe. Ko ka manta duba, asarar ta tsaya a kan manhajarka kaɗai.

A cikin kanel babu wani a ƙarƙashinka da zai tare ka. In ka taɓa `NULL` kana cikin aikin wata manhaja, za a kashe ta a inda take, duk makullin da ta riƙe ya tafi da ita a kulle, sauran masu jiransa su jira har abada. In kuwa a tsakiyar katsewa ne, kamar nawa, na'urar gaba ɗaya ce ta tafi. Kanel ɗin nan shi ne a cikin kowace wayar Android, har da masu gigabait ɗaya ko biyu da suka cika kasuwanninmu, shi ne kuma a yawancin rautocin intanet na gida. Waɗannan su ne injinan da memori ke ƙure musu da gaske, ba kwamfutar mai rubutu mai gigabait 32 ba.

Duba na asali

```c
struct karatu *k;

k = kzalloc(sizeof(*k), GFP_KERNEL);
if (!k)
	return -ENOMEM;
```

Shi ke nan siffarsa: `kmalloc` ce mai neman memori a kanel, `kzalloc` kuma 'yar'uwarta ce mai cika wurin da sifili. `ENOMEM`, kuskuren ƙarewar memori, lamba 12 ce, a kanel kuma da ragi ake mayar da ita. Ka rubuta `sizeof(*k)` maimakon sunan tsarin, domin ranar da wani ya canza nau'in `k` girman ya bi shi da kansa. Kada ka ƙara saƙon cewa memori ya ƙare. Mai rabon memorin da kansa yana zubo sawun kira a `dmesg`, inda ake karanta saƙonnin kanel, in ya gaza, muddin ba ka sa masa `__GFP_NOWARN` ba, kuma `checkpatch.pl` zai yi maka gargaɗi a kan saƙon da ka ƙara.

Duban ya zo nan take, kafin ka taɓa manunin, wato `k` mai riƙe da adireshin, ko sau ɗaya. Wannan ba zancen tsafta ba ne kawai. A 2009, a kanel 2.6.30, direban `tun` yana da layin da ke karanta `tun->sk` kafin layin da ke duba ko `tun` sifili ne. GCC, mai fassara rubutun C zuwa yaren injin, ya yi lissafinsa: tunda an riga an taɓa manunin, ba zai yiwu ya zama sifili ba, sai ya share duban daga abin da ya fitar. Brad Spengler ya nuna yadda za a bi ta wannan kafar a ƙwace ikon injin. Daga nan aka fara gina kanel da `-fno-delete-null-pointer-checks`. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar layi biyu ne da suka yi musayar wuri.

Ba `kmalloc` da `kzalloc` kaɗai ke neman memori ba. Waɗanda aka fi mantawa su ne masu nema a ɓoye: `kstrdup`, `kmemdup`, `kasprintf`, `devm_kasprintf`, `alloc_workqueue`, `alloc_skb`, `kmem_cache_alloc`, `dma_alloc_coherent`. Ido yakan wuce `kasprintf` don ya yi kama da buga rubutu kawai, alhali shi ma `NULL` yake mayarwa in bai samu wuri ba. Ni kam in na karanta facin wani, wato gyaran da ya aiko, sunayen nan nake fara nema.

Tutar da ka ɗaga ita ke faɗin yawan haɗarin

Abu na biyu da kake miƙa wa `kmalloc` yana gaya wa kanel iya wahalar da ka yarda ya sha dominka. Da `GFP_KERNEL` ka ce masa kana iya barci ka jira: ya share ma'ajiyar wucin gadi, ya rubuta shafuka zuwa faifai, ya matse guntayen wurare su haɗu, in ta kama ya kira mai kisa. Da `GFP_ATOMIC` ka ce ba ka da halin jira, saboda kana cikin katsewa ko kana riƙe da `spinlock`, makullin da ba a barci da shi. Zai ɗan taɓa maka ajiyar gaggawa, in ita ma ta yi ƙasa ya ce babu a take. `GFP_NOWAIT` ya fi shi saurin cewa babu, domin ko ajiyar ba ya taɓawa. Nawa kuskuren `GFP_ATOMIC` ne: duk lokacin da na'urar ke tura tarin bayanai ta intanet, direban sadarwa yana wawushe ajiyar, ni kuma in zo in tarar da kwano a kife.

Akwai wata magana da za ka ji daga waɗanda suka daɗe a harkar, cewa ƙaramar buƙata ba ta faɗuwa. Tana da tushe. Memori a shafuka ake raba shi, kowanne bait 4096 a yawancin injina, a rukunin da ke ninkawa: shafi 1, 2, 4, 8, har sama. Buƙatar da ba ta wuce shafi 8 ba, wato kilobait 32, in da `GFP_KERNEL` aka yi ta, mai rabo yakan yi ta zagayawa yana sake gwadawa maimakon ya dawo hannu wofi. A ƙarshen 2014 Michal Hocko ya fito da wannan ɗabi'a fili a wata muhawara kan tsarin fayil na XFS, kuma ta ba mutane da yawa mamaki, har da tsofaffin hannu. Amma ɗabi'a ce, ba alƙawari ba. Manhajar da mai kisa ya riga ya zaɓa tana iya samun `NULL` ko a buƙatar bait 16. Buƙatar da ake cajin ta a kan iyakar `cgroup`, wato rukunin manhajojin da aka yanka wa kason memori, tana iya faɗuwa alhali injin na da sauran wuri. Illar wannan ɗabi'a a ganina ita ce ta sa hanyoyin gazawa sun zama hanyoyin da ƙafa ba ta bi, ciyawa ta rufe su, ba wanda ya san ramin da ke ciki sai ranar tsautsayi.

Babbar buƙata kuwa tana faɗuwa ko memori na nan birjik. `kmalloc` wuri ɗaya a jere take nema, kuma injin da ya yi wata guda yana aiki memorinsa ya daddatse kamar gonar gado. Ka buɗe `/proc/buddyinfo` a injin da ya daɗe a kunne, ka dubi ginshiƙan dama, za ka ga sifili a jere. In abin da kake nema ya kai kilobait ɗari kuma ba na'ura ce za ta karanta shi kai tsaye ta DMA ba, yi amfani da `kvmalloc`, wadda ta shigo a 4.12 a 2017. Takan gwada `kmalloc`, in ba a samu ba ta koma `vmalloc` mai harhaɗa shafuka daga ko'ina. Da `kvfree` ake sakin abin da ta bayar, kuma ita ma sai an duba amsarta.

Aikin gaske: komawa da baya

`if (!k)` kowa ya iya. Inda ake faɗuwa shi ne abin da ke biyo baya. Lokacin da buƙata ta uku ta gaza, ka riga ka karɓi biyu, wataƙila ka kulle makulli, wataƙila ka yi rajistar wani abu. Dole ka mayar da komai, daga na ƙarshe zuwa na farko, kamar mai warware rawani. A kanel da `goto` ake yin haka, kuma kada wani malamin aji ya sa ka ji kunyarsa, kundin salon rubutun kanel da kansa ya tanadi wannan.

```c
static int shirya(struct naura *n)
{
	int ret;

	n->karba = kmalloc(GIRMA, GFP_KERNEL);
	if (!n->karba)
		return -ENOMEM;

	n->aika = kmalloc(GIRMA, GFP_KERNEL);
	if (!n->aika) {
		ret = -ENOMEM;
		goto saki_karba;
	}

	ret = request_irq(n->irq, amsa, 0, "naura", n);
	if (ret)
		goto saki_aika;

	return 0;

saki_aika:
	kfree(n->aika);
saki_karba:
	kfree(n->karba);
	return ret;
}
```

Ka lura da abubuwa kaɗan a nan. Gazawar farko ba ta buƙatar `goto`, tunda ba abin da za a mayar. Sunan kowace alama yana faɗin abin da za ta yi, ba inda aka fito ba, kuma ba `err1` da `err2` ba, waɗanda sai an sake musu lamba duk ranar da aka cusa sabon mataki a tsakiya.

Layin `ret = -ENOMEM` shi ne wanda na fi ganin an manta. A doguwar fankshin, `ret` yakan riƙe sifilin da wani kira na baya ya bari. Sai memori ya gaza, a yi tsalle zuwa alamar, a saki komai daidai, sannan a mayar da sifili, wato a ce wa mai kira komai lafiya. Shi kuma ya ci gaba da amfani da abin da aka riga aka saki. Wannan ya fi taɓa `NULL` muni nesa ba kusa ba, domin ba ya faɗuwa nan take. Yana lalata memorin wani, ɓarnar ta bayyana can wani wuri da ba ruwansa.

Na biyu shi ne alama guda ɗaya mai share komai:

```c
kuskure:
	kfree(n->karba);
	kfree(n);
	return ret;
```

Gaskiya ne `kfree(NULL)` ba ta da illa, don haka ba sai ka duba kafin ka kira ta ba. Amma in `n` ɗin ne kansa bai samu ba, `n->karba` taɓa sifili ne tun kafin a kai ga `kfree`. Kuma ba kowace mai saki ce ke haƙuri da `NULL` ba, sai ka buɗe ta ka gani. Raba alamomin ya fi, ko da rubutun zai ƙara tsawo.

Makulli kuma: in ka nemi memori kana riƙe da `mutex`, hanyar gazawa sai ta bi ta kan `mutex_unlock`. `return -ENOMEM` kai tsaye a nan yana nufin mai zuwa bayanka zai tsaya a ƙofa har a kashe injin. Abin da ya fi sauƙi, in hali ya yi, ka nemi memorin kafin ka kulle. In ya gaza ka fita ba ka taɓa komai ba, in kuma daga baya ka ga ba ka buƙatarsa ka sake shi. Da `spinlock` wannan dabarar tana ba ka damar amfani da `GFP_KERNEL` a waje maimakon `GFP_ATOMIC` a ciki.

Ga masu rubuta direba akwai sauƙi: `devm_kzalloc` da 'yan'uwanta suna ɗaure memorin a jikin na'urar, a sake shi da kansa in `probe`, fankshin da kanel ke kira don haɗa direba da na'ura, ta gaza ko an cire direban. Har yanzu sai ka duba `NULL`, sakin ne kawai aka ɗauke maka. Kada dai ka kira ta a wurin da ake maimaitawa, kamar duk lokacin da aka buɗe fayil, domin memorin zai yi ta taruwa har ranar cire direba. Tun 6.5 a 2023 kuma akwai `__free(kfree)` daga `cleanup.h` na Peter Zijlstra, mai sakin manuni da kansa in an fita daga fankshin. Ina amfani da shi a sabon rubutu, amma ba na gauraya shi da `goto` a fankshin guda.

Tarkuna huɗu da duban NULL ba ya kamawa

Na farko `krealloc`. In ka rubuta `p = krealloc(p, sabo, GFP_KERNEL)` kuma ta gaza, tsohon wurin yana nan ba a sake shi ba, kai kuma ka goge adireshinsa da hannunka. Yoyo ke nan. Ka karɓi amsar a wani manuni na wucin gadi, ka duba, sannan ka mayar cikin `p`.

Na biyu ninkawa. `kmalloc(n * sizeof(*p), ...)` inda `n` daga mai amfani ya fito: in `n` ya yi girma sosai lissafin ya tumbatsa ya zagayo ya zama ƙaramar lamba, a ba ka ɗan wuri, duban `NULL` ya wuce lafiya, sannan ka rubuta abu `n` a ciki. Ramukan tsaro da dama ta nan suka samu. `kmalloc_array` da `kcalloc` suna duba tumbatsar su mayar da `NULL`. Ga tsarin da ke da jela mai canza tsawo akwai `struct_size`, wanda ya shigo a 4.18 a 2018.

Na uku girman sifili. `kmalloc(0, ...)` ba `NULL` take mayarwa ba, wani adireshi ne na musamman, `ZERO_SIZE_PTR`, lamba 16. Yana wuce `if (!p)`, `kfree` tana karɓarsa, amma in ka taɓa shi ka faɗi. In tsawon daga waje ya zo, ka duba shi tun kafin ka nemi wuri.

Na huɗu shi ne wanda ya fi rikita sabon shiga. Wasu fankshin ba sa mayar da `NULL` in sun gaza, suna cusa lambar kuskure a cikin manunin kansa, a adireshi 4095 na can ƙarshe. `memdup_user`, `kthread_run`, `devm_ioremap_resource`, `devm_clk_get` duk haka suke:

```c
buf = memdup_user(daga, tsawo);
if (IS_ERR(buf))
	return PTR_ERR(buf);
```

In ka duba waɗannan da `!buf`, duban ba zai taɓa kamawa ba. In ka duba `kmalloc` da `IS_ERR`, shi ma haka, domin sifili ba ya cikin wannan zangon. `ioremap` tana mayar da `NULL`, `devm_ioremap_resource` tana mayar da lambar kuskure, ga suna kusan ɗaya. Babu wata dabara sai buɗe fankshin ɗin ka karanta ƙarshenta. Kuma kada `IS_ERR_OR_NULL` ta zama maka mafakar rashin karantawa: `PTR_ERR(NULL)` sifili ne, ka ga mun koma kan mayar da nasara a wurin gazawa.

Inda babu wanda za ka mayar wa -ENOMEM

A cikin mai amsa katsewa ba mai kiran da zai karɓi kuskurenka. Direbobin sadarwa sun daɗe da warware wannan: in fakiti ya iso ba a samu sabon wuri ba, a ƙara ɗaya a `rx_dropped`, a yar da fakitin, a mayar da tsohon wurin cikin zoben wuraren ajiya, TCP zai sake aikowa. Ka yi asarar abu ɗaya, ka ƙirga shi, ka gaya wa na'urar ka ji kiranta, ka ci gaba. Gyaran da na yi wa direbana ya wuce ƙara duba. Na cire neman memori daga cikin katsewar gaba ɗaya: a `probe` nake karɓar zobe mai gurbi 64, katsewa ta cika gurbi, wani zare ya kwashe. In zoben ya cika a ƙirga karatun da aka rasa. Neman da ba ka yi ba, ba zai gaza ba.

Akwai kuma wuraren da gazawa ba ta karɓuwa sam, kamar hanyar rubuta shafi zuwa faifai, inda sai an sami ɗan memori kafin a iya sakin memori. Don su aka yi `mempool`, wadda ke ajiye wani adadi a gefe tun farko. `__GFP_NOFAIL` kuma tana sa mai rabo ya yi ta gwadawa har abada. Tsarin fayil ne ke da hujjar amfani da ita, a tsakiyar aikin da ba ya komawa baya. Direba na yau da kullum ba shi da wannan hujjar, kuma masu duba faci za su tambaye ka dalili. Haka `BUG_ON(!p)`: kashe injin mutum ne don kai ba ka so rubuta layi biyar ba, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, kuma ya sha yin faɗa a kansa. `panic` tana da wuri a farkon tashin kanel, lokacin da in babu wannan memorin babu injin ma.

Wannan tsari na Linux ne. A FreeBSD, `malloc` ta kanel da `M_WAITOK` ba ta mayar da `NULL`, sai da `M_NOWAIT`. In ka ƙaura daga wani kanel zuwa wani, kada ka tafi da al'adar gidanku.

Ka sa shi ya gaza da hannunka

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Hanyar gazawar da ba a taɓa bi ba, ni ina ɗaukarta a matsayin mai kuskure har sai ta nuna mini akasin haka. Kanel na da kayan cusa gazawa da gangan, aikin Akinobu Mita, tun zamanin 2.6.20. Ka gina kanel na gwaji da `CONFIG_FAULT_INJECTION`, `CONFIG_FAILSLAB`, `CONFIG_FAIL_PAGE_ALLOC` da `CONFIG_FAULT_INJECTION_DEBUG_FS`. Ka haɗa da `CONFIG_KASAN` mai kama taɓa abin da aka saki, `CONFIG_DEBUG_KMEMLEAK` mai kama yoyo, da `CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP` mai ihu in ka yi `GFP_KERNEL` a inda barci ya haramta. A cikin injin kwaikwayo na QEMU ko allon gwaji za ka yi wannan, ba a kwamfutar da aikinka ke ciki ba.

```
cd /sys/kernel/debug/failslab
echo N > ignore-gfp-wait
echo Y > task-filter
echo 10 > probability
echo 1 > interval
echo -1 > times
echo 1 > verbose
sh -c 'echo 1 > /proc/self/make-it-fail && exec insmod naura.ko'
```

Wannan na cewa kashi 10 cikin ɗari na buƙatun wannan manhajar kaɗai su gaza, ba iyaka. Layin `ignore-gfp-wait` shi ne mai muhimmanci. Asalinsa `Y` ne, ma'ana ba a taɓa buƙatun da ke iya barci. In ka bar shi haka, duk `GFP_KERNEL` ɗinka za su wuce lafiya, ka tashi da murnar gwajin da ba a yi ba. Ka sa umarnin a madauki, loda da cirewa sau ɗari biyu ko uku, kana kallon `dmesg`. Bayan nan:

```
echo scan > /sys/kernel/debug/kmemleak
cat /sys/kernel/debug/kmemleak
```

Duk abin da hanyar gazawarka ta manta ba ta saki ba zai fito da sawun wanda ya nema.

Ka sani `task-filter` ba ya shafar abin da ke faruwa a cikin katsewa, domin katsewa ba ta kowace manhaja ba ce. Wato da wannan gwajin na sama kaɗai na yi, da bai kama nawa kuskuren ba. Don gwada wannan ɓangaren sai ka mayar da `task-filter` zuwa `N`, ka bar `ignore-gfp-wait` a `Y`, buƙatun da ba sa barci su riƙa faɗuwa a duk injin. In hayaniyar ta yi yawa, `CONFIG_FAULT_INJECTION_STACKTRACE_FILTER` na ba ka `require-start` da `require-end`, inda za ka zuba adireshin farko da na ƙarshen modul ɗinka daga `/sys/module/naura/sections/`, gazawar ta tsaya a kan kiran da ya bi ta cikinsa.

Caca da kashi 10 tana iya tsallake wata hanya ko sau nawa ka maimaita. Wanda na fi so shi ne `fail-nth`. Ka rubuta lamba a `/proc/thread-self/fail-nth`, buƙata ta wannan lambar a zaren ita kaɗai za ta gaza. Ka rubuta 1 ka yi kiran, ka rubuta 2 ka sake, haka har ka karanta fayil ɗin ka ga bai koma sifili ba, alamar buƙatun sun ƙare kafin a kai lambar. A lokacin ka taka kowace hanyar gazawa ɗaya bayan ɗaya. Da wannan syzkaller na Dmitry Vyukov ke tono irin waɗannan kurakurai a kanel. Ɗan shirin C mai layi talatin ya ishe ka yin haka ga `open` ko `ioctl` na direbanka.

Kafin ma a kunna injin, akwai masu karanta rubutun su nuna maka. Coccinelle na Julia Lawall yana da dokoki a cikin bishiyar kanel: `make coccicheck MODE=report M=drivers/inda/kake`. A cikin dokokinsa akwai `kmerr.cocci` mai neman `kmalloc` da ba a duba ba, da `eno.cocci` mai kama wanda ya duba ta da `IS_ERR`. Smatch na Dan Carpenter ya ƙware a kama `ret` da aka manta da rikicin `NULL` da `IS_ERR`. Dukansu sukan yi ƙarar ƙarya wani lokaci, sai ka karanta kowane gargaɗi da idonka. In za ka aika faci mai ƙara duba a direban wani, ka bi fankshin ɗin har ƙasa ka tabbatar `return` ɗin da ka ƙara bai bar makulli a kulle ko memori a rataye ba, domin faci irin wannan da aka yi da gaggawa yakan toshe rami ɗaya ya haƙa wani.

Yaren Rust ya shiga kanel a 6.1, a Disamban 2022, kuma tun a 2021 Torvalds ya kafa sharaɗin cewa gazawar neman memori ba za ta zama dalilin firgitar kanel ba. Shi ya sa a can neman memori `Result` yake mayarwa, ba ka isa ka taɓa abin da ke ciki ba sai ka fuskanci yiwuwar gazawa, sakin abin da ka riƙe kuma yana faruwa da kansa. Amma mafi yawan direbobin da za ka gyara a allon ARM mai araha da C aka rubuta su.

Da na kunna `fail-nth` a kan direban batiran bayan na gyara shi, ina ganin na gama, sai buƙata ta 4 a cikin `probe` ta fito da wani abu: na yi rajistar katsewa kafin in karɓi zoben, hanyar gazawa kuma ba ta kiran `free_irq`. Da zoben ya gaza a wurin mai kaya, firikwensin zai buga ƙararrawa, kanel ya kira mai amsa da ke riƙe da tsarin da aka riga aka saki. Na sauya jerin, zobe tukuna sannan katsewa, na sake zagayen daga 1 har 11, `dmesg` da `kmemleak` duka shiru, sannan na mayar da allon wurinsa.